INJIN SASSABE: ABIN DA YA KAMATA KU SANI KAFIN KU FID DA KUƊƊINKU



A wurare da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, filayen kiwo da burtali sun cushe. Inda da can ake samun gamba, kyasuwa, gadagi da komayya, yanzu garmani ya rufe ƙasa, ko kuwa sarƙaƙiya da ɗunɗu sun haɗe kai har saniya ba ta iya ratsawa. In burtali ya toshe, garke kan kauce ya faɗa gona, kuma kun san abin da ke biyo baya: rigima, tara, wani lokaci har da jini.

Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke shawarar sayen injin sassabe, wanga da ake rataya a kafaɗa, mai doguwar sanda da wuƙa mai juyawa a ƙarshenta. Masu kanti na kiran shi da sunan Faransanci, débroussailleuse. Inji ne mai amfani, amma yana da iri-iri. Wanda ya sayi irin da bai dace da dajinshi ba, kuɗɗin ƙungiya ya zubar. Darasinmu na wanga karo shi ne yadda za ku zaɓa.

1. KU FARA DA DAJI, KANTI YA BIYO BAYA

Kafin kowa ya hau mota zuwa birni, ku fita mutum uku ko huɗu, ku taka filin da ƙafa daga wanga gefe zuwa wancan. Ku duba kaurin abin da za a yanke, can ƙasa wurin gindi. Hannunku ya isa ma'auni:

– Abin da bai kai ƙaramin yatsa ba: haki, garmani, tafasa.
– Abin da ya kai babban yatsa, wajen santimetir 2: tohon sabara, ƙananan ɗunɗu, rassan sarƙaƙiya.
– Abin da ya kai ƙotar gatari ko wuyan hannu, santimetir 4 zuwa 7: tsohon ɗunɗu, geza, ƴaƴan itatuwa masu ƙaya.
– Abin da ya wuce haka icce ne. Aikin gatari ne ko zarton inji, kuma sai da izni.

Ku lura da irin da ya fi yawa, don shi ne zai faɗa muku injin da za ku saya. Ku duba ƙasar kuma: rairayi ce, ko fako mai tsakuwa da marmara? Akwai tsohuwar waya, gwangwani ko kwalba a ciki? Duk waɗannan abokan gabar wuƙa ne.

2. ABIN DA INJI BA YA YI

Inji yana yankewa, ba ya tugewa. Saiwa tana nan cikin ƙasa. Wannan magana ku riƙe ta da kyau, don nan ne mutane da yawa ke shan mamaki.

Garmani da iri yake yaɗuwa. In kunka yanke shi cikin kaka, bayan ƴaƴanshi sun bushe, wuƙa za ta watsa irin ko'ina. Kun zama masu shuka shi da kuɗɗinku. Lokacin yaƙi da shi cikin damana ne, wajen watan Yuli da Agusta, kafin ya yi fure. Ko a lokacin ma, wanda anka yanke sama da gindi yakan sake toho, sai an koma an sake yankewa. A ƙaramin fili, tugewa da hannu ko noma da hauya bayan ruwa ya fi inji kisa. Amfanin inji shi ne babban fili, inda hannu ba zai gama ba kafin fure ya fito.

Ɗunɗu kuwa, in an sare shi, daga saiwa yake fid da sabbin ƴaƴa. Haka nan iccen nan mai ƙaya da ake kira Prosopis, wanda anka shuka a shekarun fari na 1970 da 1980 don tsai da rairayi, ya zo ya mamaye wurare da yawa, musamman wajen tabkin Cadi: kututturenshi na tohowa da ƙarfi, kuma bisashe na yaɗa irinshi cikin kashi. Irin waɗannan, ku sa a ranku aikin shekara biyu ko uku ne, ana komawa ana yanke toho, ko a haƙe kututturen.

Kuma filin da anka share anka bari tsirara, garmani ne zai riga kowa dawowa. Ku tanadi irin haki tun kaka: kyasuwa, komayya, gadagi, gamba, har ƙarangiya. A watsa bayan an share, a tsare wurin daga bisashe har hakin ya zub da iri. Ƙungiyar da ba ta da shirin iri da tsaro, ta dakata da sayen inji.

3. DOKA DA ABIN DA ZA A BARI

Filin kiwo da burtali na jama'a ne. Haka kundin tsarin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sunka tanada. Itatuwa kuwa suna ƙarƙashin dokar gandun daji ta 2004. Saboda haka, kafin inji ya yi kuka, ku sanar da maigari da hardo, ku ga kwamitin kula da filaye, wato COFO, don a tabbatar da iyaka, ku kuma nemi ma'aikacin gandun daji ya zo ya nuna abin da za a taɓa da wanda za a bari. Sassabe a filin kiwo ba ya ba kowa ikon shuka hatsi a ciki.

Gawo, aduwa, bagaruwa, tsamiya, kuka, goriba da giginya suna cikin itatuwan da doka ta kare. Inji ba ya da ido. Cikin daƙiƙa guda zai tsinke ɗan gawon da ya shekara uku yana ƙoƙarin tashi. Ku bi dabarar sassaben zamani da manoman Maraɗi sunka soma tun shekarun 1980, wadda gwamnati ta yi wa doka a 2020: mutum guda ya riga mai inji shiga, yana ɗaura tsumma a kan duk ɗan iccen da za a bari. Ku tuna kuma, kalgo, magarya da sabara abincin bisashe ne cikin rani. A rage su inda sunka toshe hanya, kada a ƙare su.

4. ƘARFIN INJI

Ana auna girman inji da lambar da ake rubutawa da haruffan cc ko cm³ a jikinshi.

– cc 25 zuwa 30: na haki da gyaran garka ne. Kada ku kai shi daji.
– cc 35 zuwa 45: shi ne na tsaka. Ya isa garmani, haki mai kauri, yankan ciyawar ajiya, hanyar tare gobara, da toho mai kaurin babban yatsa. Yawancin ƙungiyoyinmu nan buƙatarsu take. Misalinshi Husqvarna 143R-II mai cc 41,5, da Stihl FS 280 mai cc 38,9.
– cc 45 zuwa sama da 55: shi ne na kurmi, wanda anka ƙera don zarto. In abin da ya fi yawa a filinku mai kaurin ƙotar gatari ne, wannan za ku nema. Ya fi tsada, ya fi nauyi, ya fi shan mai.

Ku sani lambar cc kaɗai ba ta isa shaida ba. Akwai injuna masu araha da aka rubuta wa 43 ko 52, amma ƙarfinsu bai kai na mai cc 40 na babban kamfani ba. Ku tambayi ƙarfin a kilowat. Don aikin daji, ku nemi kilowat 1,5 zuwa sama. Don zarto na kullum, 2 zuwa sama.

Masu aiki da batir sun fito, ba su da hayaƙi, ba su da ƙara sosai, amma aikin yini guda cikin ƙaya nesa da lantarki ya fi ƙarfin yawancinsu.

5. BAKIN DA KE YANKA

Inji guda yana iya ɗaukar baki iri uku, kowane da aikinshi.

Zaren nailan: na ɗanyen haki ne mai taushi, da gefen bango ko gindin icce. Garmani yana da zare a jikinshi kamar rama. Yana cinye nailan, ya nannaɗe kan injin. Kada ku ɓata kuɗɗi.

Wuƙa mai baki uku: faɗinta milimetir 250 zuwa 300. Ita ce uwar aiki a wurinmu. Tana cin garmani, busasshen haki, da toho har kaurin santimetir 2. Ana wasa ta da magagari mai faɗi, a wasa bakunan uku daidai wa daida. In ɗaya ya fi sauran cinyewa, injin zai kama karkarwa har ya lalata kanshi.

Faifan zarto: faɗinshi milimetir 200 zuwa 225. Shi ne na icce. A injin tsaka yana yanka har santimetir 4, a babban inji har 7. Yana da tashi garkuwa ta ƙarfe da ake ɗaurawa tare da shi. Masu manyan haƙora sun fi, don ana wasa su da magagari mai zagaye na milimetir 5,5 nan cikin daji.

Abu uku ku kiyaye. Na ɗaya, ramin tsakiyar wuƙa iri biyu ne, milimetir 20 da 25,4. Ku san na injinku kafin ku sayi wuƙa. Na biyu, wuƙar da ta tsage a yar da ita. Kada a kai ta walda, kada maƙeri ya ƙera muku wata da tsohon ƙarfe, don tana juyawa sau dubbai cikin minti guda, in ta fashe harsashi ce. Ku rataye ta ku ƙwanƙwasa: lafiyayya tana amo mai tsawo, tsagaggiya amonta a mace yake. Na uku, akwai wani baki mai sarƙa ko wuƙaƙe masu lilo da ake tallarshi wai ya fi cin daji. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi tun 2012 saboda guntayenshi na tsinkewa su kashe mutum. In an ba ku kyauta ma kada ku karɓa.

6. JIKIN INJI

Sanda ta zama miƙaƙƙiya. Mai lanƙwasa ta gyaran fulawa ce, ba ta ɗaukar wuƙa. Wanda ake goya injin a baya, mai sanda mai laushi, yana da daɗin ɗauka, amma bai dace da zarto ba.

Mariƙi ya zama mai ƙaho biyu irin na keke. Shi ke ba mutum ikon riƙe injin in wuƙa ta yi tutsu.

Maratayi ya zama mai kafaɗa biyu da ɗamara da matashin kwankwaso, mai ƙugiyar da ake saki da hannu guda in haɗari ya taso. Injunan nan nauyinsu kilo 7 zuwa 10. Igiya guda a kafaɗa ɗaya, kafin azahar mutum ya gaji, kuma gajiyayye shi ke yanke ƙafa.

Ku sa wanda zai yi aikin ya rataya injin nan cikin kanti. In ya saki hannu, wuƙa ta tsaya dab da ƙasa, kada ta yi sama, kada ta nutse. A tayar da injin a bar shi yana numfashi shi kaɗai: wuƙa ba ta juyawa sai an matsa. In tana juyawa, da gyara.

7. MAGANAR MAI

Yawancin injunan nan masu bugu biyu ne, irin da ake gauraya esansi da man inji na musamman da ake kira 2T. Wanda ya zuba esansi zalla, cikin ƴan mintoci injin ya ƙone. Baƙin man mota ko wanda anka juye daga moto ba ya maye gurbin 2T.

Manyan kamfanoni da man 2T mai kyau suna neman kashi 2 cikin 100: mililitir 20 a litir guda, wato 100 a bidon litir 5. Da yawa cikin masu araha suna neman kashi 4 cikin 100: mililitir 40 a litir guda, 200 a litir 5. Ku duba littafin injinku, ku bi abin da ya ce. Wurin awo, sabon sirinji mai mililitir 20, irin da muke yi wa shanu allura da shi, ya fi marfin kwalba gaskiya. Ku ware shi don mai kaɗai, kada ya sake komawa jikin bisa.

Akwai masu bugu huɗu, kamar na Honda mai cc 35,8. Su esansi zalla suke sha, mansu daban yake kamar na injin ban ruwa. Ba ruwanku da gauraye, ba su cika shan mai ba, amma a kan zarto ba su kai masu bugu biyu zafi ba. Ga ƙungiyar da aikinta haki da garmani ne, kuma hannuwa da yawa za su taɓa injin, wannan abin dubawa ne.

Esansin kwalba na bakin hanya a tace shi da tsumma mai tsabta. Gaurayen da ya wuce wata guda kada a zuba shi. Kuma ƙurar ƙasarmu ita ce babbar mai kashe inji: a buɗe matatar iska a tsabtace ta kowace yamma, a duba buji, a riƙa sa giris a kan da ke juya wuƙa. Wuƙa kuma kada ta riƙa cin rairayi, nan da nan take dakushewa.

8. TAMBAYOYI GA MAI KANTI

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta hana inji kwanciya in babu kayan gyara. Ku tambaya:

– Buji, matatar iska, karbirato, igiyar tayarwa da kan wuƙa, akwai su nan cikin kanti? A nuna muku, ku gani da ido.
– Wane makaniki ne ya san injin, kuma a wane gari yake?
– Garanti wata nawa ne? A rubuta a takardar saye, tare da lambar injin.
– Ina littafinshi, ina makullanshi, ina garkuwar zarto?

Jabu sun yi yawa, masu launi da suna irin na manyan kamfanoni. In an ce muku na Jamus ne ko na Suwidin amma kuɗɗinshi bai wuce na mai araha ba, ku san da magana. Injin tsaka wanda mai gyaran moto na kasuwarku ke iya buɗewa ya fi babban da sai an kai shi Yamai.

9. LAFIYAR MUTUM DA TA BISASHE

Mai aiki ya sa takalmin da ya rufe ƙafa har ƙwauri, wando mai kauri, safar hannu, tabarau da garkuwar fuska, da abin toshe kunne. Ba a aikin nan da silifa ko babbar riga, rawani kuma a naɗe shi tsaf kada jela ta yi lilo. Kuɗɗin waɗannan kaya cikin kuɗɗin inji suke, a saye su rana guda.

Kowa ya ja baya metir 15, mutum ko bisa. Wuƙa na harba tsakuwa da ƙaya. Idon ɗan maraƙi ko na yaron da ya zo kallo ba ya dawowa. Yara ba su taɓa injin nan.

Wuƙa tana juyawa ta hagu, akasin hannun agogo. Ku ɗauke ta kamar fuskar agogo a gabanku: daga ƙarfe 12 zuwa 3, wato gaba ta hannun dama, nan ne wurin tutsu. In wanga wuri ya taɓa icce, injin zai yi tsalle gefe da ƙarfi. Ku yi yanka da gefen hagu, kuna shara daga dama zuwa hagu. In wani abu ya nannaɗe, a kashe injin tukuna a sa hannu.

Ga abin da ya fi shafar mu ma'aikatan kiwo. Kututturen da anka yanke a karkace tsini ne. Yana huda kofato, yana yage hantsar saniya da ta akuya. A yanke shi dab da ƙasa, a kwance. Ƙayar da anka yanke kuma kada a bar ta warwatse kan hanya. Busasshiyar ƙaya ta fi ɗanya shiga ƙafa, daga nan sai ɗingishi, kumburi da ruɓa, bisa ta kasa bin garke cikin rani. A tattara ta rana guda, a yi shinge da ita kewaye da wurin da anka watsa irin haki. Ta haka ƙayar da ta hana kiwo ita za ta tsare shi.

10. WUTA

A yankin kiwo na arewa, kamar Bermo, Gadabeji, Abalak da Tanut, ana buɗe hanyoyin tare gobara da zarar haki ya bushe, masu faɗin metir 15 zuwa 20. Injin tsaka da wuƙa mai baki uku yana saurin wanga aiki. Sai dai yankewa rabin aiki ne: dole a kwashe hakin da manjagara a fid da shi daga hanya, a ɗaure a ajiye don rani.

Ku yi hattara, injin da kanshi yana iya ta da gobarar da ake gudu. Wuƙa in ta bugi dutse tana fid da tartsatsi, bututun hayaƙi kuma yana zafi ƙwarai. A yi aiki da sanyin safiya kafin iska ta taso. Mutum guda ya biyo baya, nesa da metir 15, da ɗanyen reshe da shebur. Kada a kwantar da inji mai zafi cikin busasshen haki. A kashe shi ya huce kafin a zuba mai, a wuri mai ƙasa tsirara, a matsa aƙalla metir 3 kafin a tayar. Taba kuwa, a bar ta gida.

11. SAYE, HAYA KO GAYYA?

Ku zauna ku yi lissafi a fili, gaban kowa. Ku haɗa kuɗɗin inji, wuƙa biyu, zarto, magagari da kayan kariya. Ku ƙara esansi da 2T. A aiki mai nauyi ku ƙiyasta kusan litir guda a awa. Ku ƙara ladan mai aiki da abin da za a ajiye don gyara. Sa'an nan ku tambayi kanku: kwana nawa injin zai yi aiki a shekara?

In amsar kwana goma ce, haya ko gayya da adda da hauya ta fi muku. In kuwa zai yi garmani a Yuli da Agusta, ciyawar ajiya a Satumba, hanyar tare gobara a Oktoba da Nuwamba, ya buɗe burtali cikin rani, to zai biya kanshi. Garuruwa biyu ko uku na iya haɗa kai su saya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a damƙa shi ga mutum biyu kawai waɗanda anka koya wa, da littafin da ake rubuta ranar aiki, mai da gyara. Injin kowa da kowa ba ya ganin damana biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son yaƙar garmani bana, tun rani zai taka filinshi, ya ga COFO da gandun daji, ya tanadi irin haki, sa'an nan ya nufi kanti. In kuna son a duba filin tare da ku, ku zo ofishin kiwo na ƙaramar hukumarku, ko ku tare mu ranar kasuwa ko wurin allurar rigakafi.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye muna bisashenmu, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Amin.